Ɗan-murɗa

Waya uku ke riƙe da jigon jirgina,
kowace da ɗan-murɗa a gindinta.
Makanikan Garwa tandar suke ce masa.
Mu a bakin ruwan Lagdo ba mu san wannan ba.
Ƙarfe ne tsawon taƙi, cikinsa rami,
sukuru biyu sun shige shi ta kai da ƙafa,
haƙoran ɗaya na bin dama, na ɗayan hagu.
Murɗa tsakiya, su matso kusa da juna,
waya ta miƙe, jigo ya tsaya.

Babana Talle ya tsinto su a juji
shekarar da aka gama madatsar ruwa.
Bai bar mini gona ba, bai bar tunkiya ba.
Su ya bari, da gwangwanin giris
mai shaidar yatsansa har ƙasa.

Tun kaka na ga ja a wuyan na hagu.
Na ce gobe.
Goben ta same ni daren Talata a bayan tsibiri,
giwan ruwa biyu kwance a ƙafafuna,
hadarin gabas ya taso ba sallama.
Ƙas! Jigo ya yi ruku'u.
Zanen iskar da Tabawa ta ɗinka da buhunan taki
ya faɗa ruwa yana sha.
Da filafili na dawo, hannuwana duk bororo,
dorina na yi mini dariya daga cikin duhu.

Na sayar da kifin, na hau mota ta Ngong.
A babbar kasuwar Garwa na bi rumfa rumfa,
guntun ƙarfen a tafina kamar haƙorin da aka cire.
Wannan ya ce walaa. Wancan ya ce jira kayan Duwala.
Wani yaro ya miƙo mai ƙyalli, jaka biyu.
Na auna shi a hannu, ba nauyi.
Na karce shi da farce, fenti ya biyo ni.
Na ce, ɗana, ruwa ba ya ganin ƙyalli.

Sai da la'asar ta yi sanyi
aka nuna mini Hamajam mai tsofaffin ƙarafa.
Bai yi magana ba. Ya shiga ƙarƙashin gawar tirela
wadda ta yi zamaninta tana jigilar auduga,
ya fito da shi baƙi ƙirin, a cije.
Kwana biyu a kananzir, in ji shi,
kada ka sa masa guduma, ba jaki ba ne.
Jaka huɗu. Na ce uku.
Ya dubi tafin hannuna, ya karɓi uku.

Kwana biyu bai motsa ba.
A na uku ya yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa,
ya saki.

Yanzu duk Alhamis, in an ja taru an watse,
nakan warware su ɗaya bayan ɗaya.
Tsohon buroshin haƙori, kananzir a murfin kwalba,
in fitar da yashi daga kowane haƙori,
in shafa giris, in babu man kaɗanya ma ya isa.
In mayar, in murɗa, in daki waya da yatsa.
In ta yi kukan gurmi, ta yi.
In ta yi tsiwa, na wuce gona, sai in koma rabin juyi.
Sannan in soka 'yar waya ta ciki in lanƙwasa,
don kada girgizar ruwa ta kwance shi ban sani ba.

Ɗiyata Kulu ke riƙe mini fitila.
Jiya ta ce, Baba, wanne ne na Kaka, wanne na tirela?
Na sunkuya, na duba, na sake dubawa.
Duk sun yi baƙi da mai.
Na ce ta matso da fitilar.